Daga Ina Sunan Fatakwal Ya Samo Asali?

Tambaya: Malam, na daɗe ina kai albasa da tumatir Fatakwal. Rannan gardama ta kaure mana a tasha. Wani ya ce sunan Hausa ne, daga "fata" da "kwal", wani ya ce yaren mutanen wurin ne, wani kuma ya ce sunan Bature ne. Wane ne ya yi daidai?

Amsa: Alhaji, sannu da hanya, Allah ya ba da kasuwa. Wanda ya ce sunan Bature ne shi ya fi kusa da gaskiya, sai dai rabin labarin ya riƙe. Sunan da ke rubuce a takardun gwamnati, wato Port Harcourt, kalmomi biyu ne. Ta farko tana nufin tashar jiragen ruwa a Turanci. Ta biyu kuwa sunan mutum ne, Lewis Vernon Harcourt, wanda ya riƙe muƙamin Sakataren Ƙasashen Mallaka na Birtaniya daga 1910 zuwa 1915. Wanda ya raɗa wa garin wannan suna shi ne Frederick Lugard, Gwamna Lugga da kakanninmu suka sani, a watan Agustan 1913. "Fatakwal" kuma aikin bakin Bahaushe ne, shi ya lanƙwasa sunan ya zauna masa daidai. Mai cewa akwai sunan mutanen wurin shi ma bai yi ƙarya ba, domin wurin yana da sunansa kafin Turawa su iso, sai dai ba daga shi aka samo Fatakwal ba. Bari in warware maka su, domin yadda aka yi aka ba da sunan ya fi sunan kansa ban sha'awa.

Tushen maganar kwal ne. A shekarar 1909 wani masanin duwatsu da ma'adinai mai suna Albert Kitson ya gano kwal a tsaunukan Udi, kusa da inda Inugu take a yau. A wancan zamani kwal shi ne abin da man fetur yake a gare mu yanzu. Da shi jirgin ƙasa ke tafiya, da shi jirgin ruwa ke tafiya, kuma duk wanda ake ƙonawa a ƙasar nan daga Birtaniya ake yo jigilarsa da tsada. Layin dogo ya iso Kano a 1911, buƙata sai ƙaruwa take. To ga kwal a cikin gida, amma yana can cikin tudu, nesa da teku. Dole sai an shimfiɗa masa layin dogo, kuma dole layin ya ƙare a wurin da babban jirgin ruwa zai iya matsowa ya ɗauka.

Nan gizo ke saƙar. Kai da kake bin hanyar ka san yadda ƙasar take. Inda kogin Kwara ya rarrabu kafin ya faɗa teku, yawancinsa taɓo ne da ƙoramu da itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri. Tsofaffin tashoshin da Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna ciniki a cikinsu, tun zamanin cinikin bayi har zuwa na manja, irin su Bonny da Brass da kuma Opobo da aka kafa daga baya, duk a bakin ruwa suke cikin wannan taɓo, kwalekwale ne motarsu. Ba a shimfiɗa ƙarfen jirgi a kan laka. Abin da ake nema shi ne wurin da busasshiyar ƙasa mai tudu ta zo ta tsaya daf da ruwa mai zurfi. A 1912 masu safiyon ruwa suka dace da shi a kan kogin Bonny, wajen kilomita 66 daga teku: gaɓa mai tsayi, ruwa mai zurfi a gindinta, bayanta kuma ƙasa shimfiɗe har cikin ƙasar Ibo. Shi ya sa idan ka tsaya a Fatakwal ba ka ganin teku da idonka. Garin bakin ruwa ne, amma jiragen sai sun biyo kogi sun shigo.

Wurin ba kango ba ne. Tudun gonakin mutanen Diobu ne, wani reshe na ƙabilar Ikwerre da ake kuma kira Rebisi. Ƙoramun da ke kewaye kuwa wuraren su ne na mutanen Okrika, waɗanda ke cikin dangin Ijaw. Ikwerre suna kiran wannan gaɓa Iguocha, Ibo kuma suna cewa Ugwu Ocha. A harshen Ibo "ugwu" tudu ne, "ocha" kuma fari, ka ga ke nan farin tudu, sunan da ya bayyana ainihin abin da ya jawo Turawan wurin. Ranar 18 ga Mayun 1913 gwamnatin mulkin mallaka ta ƙulla yarjejeniya da shugabannin Diobu da na Okrika da wasu ƙauyukan kewaye, ta karɓi filin. Ana kiranta yarjejeniyar Hargrove, da sunan Baturen gundumar da ya yi kai da kawo a kanta. Mutanen Diobu ba su gamsu da abin da aka ba su ba, suka yi ta ƙorafi har aka sake wata yarjejeniyar a 1928 wadda ta tanadi a riƙa biyansu kuɗi duk shekara, kuma maganar ba ta mutu a nan ba, sai da ta kai gaban kotu daga baya.

Ka riƙe wannan kwanan wata, domin wata uku cif bayansa, ranar 18 ga Agustan 1913, Lugga ya rubuta wa Harcourt takarda. Ma'anar abin da ya ce ita ce: tunda babu wani sunan gida da ya dace, yana roƙon izini cikin ladabi ya kira wannan tasha Port Harcourt. Harcourt ya amsa cewa yana farin cikin amincewa a haɗa sunansa da sabuwar tashar. Shi ke nan, an gama. Ba a tara mutanen gari ba, ba a tambayi masu gonakin ba. Mutum biyu ne suka yi musayar takarda, sunan ya zauna, ga shi an haura shekara ɗari yana nan.

Wannan magana ta "babu sunan gida da ya dace" ita ce take ci mini tuwo a ƙwarya duk lokacin da na koma kanta. Gwamnatin da ta ce babu suna, ita ce wata uku kafin nan ta sa hannu a takarda da shugabannin garuruwa masu sunaye, ta rubuta sunayen da alƙalaminta. Idan za a yi wa Lugga adalci, ana iya cewa filin ya ratsa ƙasar al'umma fiye da ɗaya, kuma ɗaukar sunan Ikwerre zai ɓata wa Okrika rai, ɗaukar na Okrika zai ɓata wa Ikwerre. Wannan uzuri ne mai ɗan nauyi, ban raina shi ba. Amma dubi abin da aka yi a wasu wuraren a daidai wannan zamani. A ɗaya ƙarshen layin, garin da ya tashi a bakin ramukan kwal an bar masa sunan ƙauyen da aka tarar, Enugwu Ngwo, wanda ya zama Enugu, ma'ana kan tudu. A Arewa, sabon garin da Lugga ya zaɓa ya maye gurbin Zungeru a matsayin hedikwata, aka kuma tare a cikinsa a 1917, an ba shi sunan kogin da ya ratsa shi, Kaduna. Ashe in an so samun sunan gida ana samu. Ruwa ba ya tsami banza.

A ganina takwara Lugga ya yi wa maigidansa, kuma ya yi ta a lokacin da yake da buƙata. Kowane Bahaushe ya san abin da ake nufi idan mutum ya sa wa ɗansa sunan ubangidansa: girmamawa ce, ƙulla zumunci ne, kuma ajiya ce don gobe. Bambancin kawai shi ne Bahaushe ɗan cikinsa yake raɗa wa sunan, shi kuwa Lugga ƙasar wasu ya raɗa wa. Dubi halin da yake ciki a 1913. Bayan ya ci Kano da Sakkwato da yaƙi a 1903, ya bar Arewa a 1906, ya je ya yi gwamna a Hong Kong. A 1912 Harcourt ne ya dawo da shi, ya danƙa masa Arewa da Kudu gaba ɗaya da nufin ya haɗe su. A watan Mayun 1913 ya miƙa wa Harcourt tsarin haɗewar, yana jiran a zartar. Sabon layin dogo da sabuwar tasha aiki ne mai cin maƙudan kuɗi, shi ma sai da yardar ofishin Harcourt. Bugu da ƙari, Harcourt ya yarje masa wata alfarma da ba a saba yi wa gwamnoni ba, ta ya riƙa yin wasu watanni na kowace shekara a Landan yana tafiyar da mulkin Nijeriya daga can, abin da manyan ma'aikatan ofishin ba su so ba. Mutumin da ya yi maka duk wannan, kuma kake da sauran buƙata a hannunsa, in ka sami sabon gari ai ka san inda za ka kai gaisuwa.

Harcourt ɗin nan ba baƙo ba ne a tarihin Arewa, ko da yake sunansa bai yi tambari a wurinmu kamar na Lugga ba. Shi ne ministan da aka haɗe Nijeriya a ƙarƙashinsa ranar 1 ga Janairun 1914. Shi ne kuma ya yi jawabin nan a 1913 da ya kwatanta haɗewar da aure: Arewa saurayi mai tarbiyya da baitulmalin Birtaniya ke ciyarwa, Kudu kuma mace mai dukiya da za a aura masa don a huta da ɗawainiyarsa. Dalilin maganar shi ne gwamnatin Arewa a lokacin tana karɓar tallafi daga Landan duk shekara, ita kuwa Kudu tana da kuɗin kwastan na tashoshin ruwa. Harcourt ɗan gidan siyasa ne, mahaifinsa Sir William Harcourt ya riƙe ma'aikatar kuɗi ta Birtaniya. Shi kuwa Lewis, ƙarshensa bai yi kyau ba. An zarge shi da lalata da yara, marubuta tarihin ƙasarsa sun rubuta hakan, kuma a watan Fabrairun 1922 aka tarar da shi a mace a gidansa na Landan bayan ya sha maganin barci fiye da ƙima. Wannan na daga cikin abin da ya sa lokaci zuwa lokaci ake jin masu kiran a canza wa garin suna.

Irin wannan raɗin suna ɗabi'ar zamanin ce, ba Lugga ya fara ba. Ingilishi sun kira babban garin Gambiya Bathurst, da sunan wani Sakataren Ƙasashen Mallaka da ya riga Harcourt da kusan shekara ɗari, sai a 1973 ya koma Banjul. Faransawa sun kira babban birnin Cadi Fort-Lamy, da sunan kwamandansu da ya mutu a yaƙin da suka yi da Rabe a Kusuri a 1900, shi ma a 1973 ya koma Njamena. Garin Victoria da ke gaɓar tekun Kamaru ya zama Limbe a 1982. Legas kuwa tata hanyar daban ce: Turawan Fotugal ne suka kira ta haka da kalmarsu mai nufin tafkuna, amma sunan gida, Eko, bai taɓa mutuwa ba, shi ne ma ya shigo bakinmu ya zama Ikko.

To me ya sa Fatakwal ba ta bi sahun Banjul da Njamena ba bayan samun 'yanci? A fahimtata, tsohuwar tambayar nan ce ta 1913 ba a amsa ba har yau: ƙasar wa ce? Ikwerre na da hujjarsu, Okrika na da tasu, kuma Ibo su ne suka fi yawa a cikin garin kafin yaƙin basasa. Lokacin da aka ƙirƙiri Jihar Ribas ranar 27 ga Mayun 1967 aka mai da garin hedikwatarta, sojojin tarayya suka ƙwace shi daga hannun Biyafara a watan Mayun 1968, maganar suna ta ƙara zafi. Unguwanni da dama da aka saba rubutawa da "Umu" a farkonsu suka koma "Rumu", irin su Rumuokoro da Rumuomasi da kake ratsawa. Ikwerre suna cewa sunayensu na asali suka maido, Ibo da yawa kuma suna ganin an yi ne don a nesanta garin da su. A wurin da harafi ɗaya ke iya ta da jijiyar wuya haka, duk sunan gida da aka ɗauko wa garin gaba ɗaya zai zama tamkar yanke hukunci a shari'ar fili. Sunan Baturen ya tsira ne domin ba na ɗayansu ba ne.

Yanzu sai mu zo kan namu. An fara aikin layin dogo daga bakin ruwan, kuma da yawan waɗanda suka sare dajin suka haƙa ƙasar aikin tilas aka ɗebo su, ta hannun sarakunan da Turawa suka naɗa a ƙauyukan Kudu maso Gabas. Layin ya bi ta Aba da Umuahia ya isa wurin kwal a 1916, tafiyar mil 151. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsayar da ci gabansa, sai a 1924 ya kai Makurɗi, a 1927 ya haɗu da Kaduna da Jos ta Kafanchan. Kafin a buɗe gadar Makurɗi a 1932, a jirgin fito ake tsallakar da taragai a kogin Binuwai. Daga nan garin ya zama ƙofar teku ta biyu ga Arewa: kuzar Jos da gyaɗa suna gangarawa, shanu suna bin taragai zuwa kasuwannin Kudu, gishiri da kananzir da yadi suna haurowa. Da layin ya kai Maiduguri a 1964, sai Bauchi da Gombe da Barno su ma suka shiga. Ta wannan hanya sunan ya yawaita a bakin fatake da 'yan reluwe da 'yan dako.

Ina ganin Bahaushe bai ɗauki sunan daga rubutu ba, daga bakin mutanen Kudu ya ji shi, waɗanda ke furta shi kamar "Potakot", babu "r", babu "h". Daga nan kowane sauti ya bi hanyar da Hausa ta saba bi da baƙin kalmomi. Ba mu da "p" a matsayin harafi mai zaman kansa, "f" muke sawa: fasinja, fasfo, famfo, fenti, fensir. Bakinmu kuma ba ya son gajeren wasalin "o" a tsakiyar kalma, "a" yake mai da shi, in kuma bayan "k" ya zo sai ya zama "kwa": kwaleji, kwamiti, kwastan, kwalta. Garin da ake rubutawa Lokoja mu Lakwaja muke cewa. Turawa ma sun yi mana irin wannan ta baibai, suka ji Sakkwato suka rubuta Sokoto. Ka ga "pot" ta zama "fat", "kot" ta zama "kwat", an sami Fatakwat. Saura harafin ƙarshe. A Hausa "t" a ƙarshen gaɓa tana yawan sauyawa zuwa "r" ko "l", kuma kana da shaida a cikin ƙidaya: Basakkwace ya ce biyat, Bakano ya ce biyar, a wasu wuraren kuma ka ji biyal. Haka Fatakwat ta zama Fatakwal. Babu sauti ko ɗaya a cikin sunan da ba a san inda ya fito ba.

Abokin gardamarka mai "fata" da "kwal" ya burge ni, domin faɗuwa ce ta zo daidai da zama: garin don kwal aka gina shi, kuma kalmar kwal ɗin kanta aro ce daga Turanci. Ba zan yi mamaki ba idan sanin wannan kalma ya taimaka wa kunnen mutane suka fi karkata ga "kwal" a kan "kwat" ko "kwar". Amma ba ita ce tushe ba. Da Bahaushe ne ya haɗa kalmomin biyu, da "fatar kwal" zai ce ko "fata da kwal", ba ya manna suna biyu haka tsirara. Kuma an ba da sunan a 1913, shekara uku kafin taragon kwal na farko ya iso bakin ruwan. Irin wannan lanƙwasa mun yi wa garuruwa da yawa da fatauci ya kai mu: Ibadan ta zama Badun, Onitsha ta zama Anaca, Accra ta ƙasar Gana ta zama Ankara. Su ma 'yan garin ba su bar sunan yadda Lugga ya rubuta ba, Pitakwa suke ce masa in ana hira.

Akwai wani abu da ya kamata ka kai wa 'yan tashar ku. Hausawa sun riga sunan isa wannan ƙasa. Tun ƙarshen ƙarni na 19 maharban giwa daga Arewa suka zauna a Elele, cikin ƙasar Ikwerre, a kan hanyar da ta taso daga Owerri zuwa Fatakwal, kuma zuriyarsu na nan. Waɗannan mutane sun san yankin da sunayen ƙauyukansa tun babu tasha, babu layin dogo, babu Harcourt a cikin zancen.

Sunan Diobu ma bai ɓace ba. Unguwannin Mile One da Mile Two da Mile Three, masu cunkoso da manyan kasuwanni, su ne ake kira Diobu har gobe. In kaya ya kai ka kasuwar Mile One, a ƙasar mutanen da suka sa hannu a yarjejeniyar Mayun 1913 kake tsaye. Ka sami dattijo Ba'ikwerre a cikin abokan cinikinka, bayan kun gaisa ka tambaye shi ina ne Iguocha, zai nuna maka wajen tsohon gari, can inda gaɓar take kallon ruwa.